Kafin ka durƙusar da akori-kura: abin yi da abin bari

Labari ya iso mini cewa wasu samarinmu na cikin gari, daga Gobarau zuwa Ƙofar Soro, sun ga bidiyon akori-kurar da ake danna wa maɓalli ta durƙusa har cikinta ya kusa taɓa kwalta, a sake dannawa ta miƙe. Yanzu kowa so yake ya cire wa Hilux ɗin gidansu sifirin ya sa mata jakar iska, a ƙofar gida, da injin walda na aro. Ɗana, mota taka ce, ba zan riƙe maka hannu ba. Amma ka tsaya ka ji, don in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga yadda abin yake aiki. Jakar roba mai kauri ce ake sawa a gurbin sifirin a kowace ƙafa. Kwamfaresa na jan wuta daga batir ya cika tanki, bawul kuma ya tura iskar cikin tiyo zuwa jakunkunan. Iskar tankin takan kai 150 zuwa 200 a geji, alhali tayar ƙaramar mota 30 da ɗoriya mai faci ke ba ta. A kan wannan iska ce ƙarfe mai nauyin kusan tan 2 zai zauna.

'Yan asalin Meziko mazauna Los Angeles a Amurka su suka yayata kwantar da mota tun shekarun 1940, a kan tituna masu laushi. Duk da haka a 1958 jihar Kalifoniya ta hana hawa titi da motar da wani sashenta ya sauka ƙasa da gindin rim. An ɗage dokar a 2024, amma hikimar da ke cikinta tana nan: in taya ta fashe, rim ne ya kamata ya fara taɓa ƙasa. Mu kuwa lungunanmu sun girmi mota da ɗaruruwan shekaru, hasumiyar Gobarau ma da zamanin Sarki Muhammadu Korau ake danganta ta. Toyota na ƙera Hilux tun 1968, kuma saboda hanyoyi irin namu aka ba ta tsayin da kake son rage mata.

ABIN DA ZA KA YI

1. Fara da duba shasi daga gaba har baya. Kankare lakar, ka ƙwanƙwasa da guduma. Wanda tsatsa ta ci, ko wanda aka taɓa miƙarwa bayan haɗari, ba ya jure yanka.

2. Auna lungunku kafin ka auna motar. Ɗauki tef ka auna tudun ƙofar gida, da bakin kwata, da tudun rage gudu na bakin titi. In motar ba ta haura su a tsayin da za ka riƙa tafiya ba, kullum cikinta ne zai sha duka.

3. Haɗa ta don ranar da iskar za ta zube, domin ranar tana zuwa. Wannan ne babban sharaɗi, sauran duk bayansa suke. Saki iskar gaba ɗaya a gareji, ka sa a tura motar. Dole tayoyi huɗun su juya ba tare da sun gogi jiki ba. Dole sitiyari ya murɗu daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Kada shasi, ko kaskon man injin, ko tankin mai, ko salansa ya taɓa ƙasa. Sa robar tokare mai ƙarfi wadda motar za ta zauna a kanta in jaka ta fashe. Tiyo ba ya neman izini kafin ya tsinke, yana iya yi maka haka a hanyar Daura kana gudun kilomita 100, tirela na bayanka.

4. Ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ka toshe tayoyi, kafin ka kwanta a ƙarƙashinta. Ƙirjin mutum ba ya ɗaukar mota.

5. Cire kan batir, ka sauke tankin mai ka kai shi nesa, kafin a kunna walda. Tururin fetur ya fi fetur ɗin saurin kamawa, gidajen unguwarmu kuma bango ɗaya suke.

6. In za a yanke shasi a saman aksil na baya don ya sami wurin hawa, a fara ƙarfafa wurin da farantin ƙarfe mai kauri ciki da waje. Kira mai waldar da ya saba da manyan motoci, a yi da wuta mai ƙarfi. Waldar da aka yi da raunanniyar wuta a saman ƙarfe take kwanciya, ta yi kyau a ido, ta ɓalle a rami na farko.

7. In ka cire ganyen sifirin na baya, sa sandunan da za su riƙe aksil. Ganyen aiki biyu yake yi, ɗaukar nauyi da riƙe aksil a mazauninsa. Jakar iska na farkon kawai ta iya.

8. Bar shokoba a wurinta, ka zaɓi wadda tsawonta ya dace da sabon tsayin. In babu ita motar tsalle za ta riƙa yi, taya a sama kuwa ba ta jin birki.

9. A sake saita birki. Hilux da yawa suna da bawul a baya mai gane nauyin lodi ta yadda bayan motar ya sauka. Da ka kwantar da ita sai ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, su ƙame, bayan motar ya juyo gaba.

10. Sa bawul ɗin tsaro a jikin tanki, ka sa fis kusa da batir. Kwamfaresan da ya ƙi tsayawa tanki zai fasa, wayar da ba fis kuwa gobara ce.

11. Tsiyaye ruwan da ke taruwa a tanki, musamman da damina, ka kuma wanke matatar kwamfaresa da hunturu. Ruwa na cin tanki ta ciki, ƙura na kashe kwamfaresa.

12. Fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ka bar motar ta kwana da iskarta. In da safe wani gefe ya sauka, aiki bai ƙare ba.

13. Kai ta a daidaita ƙafafu, a duba zaman farfela, a gyara saitin fitilu, sannan 'yan VIO su duba lafiyarta. Idon da bai sa hannu a aikin ba ya fi naka ganin aibu.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita, ko jak kaɗai, ko bulo. Iska na zubewa, jak na gocewa, bulo na rugujewa, duka cikin ƙiftawar ido.

2. Kada ka gasa sifirin da wuta don ya lotsa. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, karyewa zai yi.

3. Kada ka mai da tukunyar gas ko tsohon tulun kashe gobara tankin iska. Ba ka san abin da ya saura a ciki ba, ba ka san inda tsatsa ta kai ba, mai walda kuma yana da iyali.

4. Kada ka ja iska da bututun famfo na roba. In ya fashe tarwatsewa yake yi, ɓarɓashin ya nemi ido.

5. Kada ka sayi jakar gwanjo. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka samo kayan ko daga Legas aka aiko maka, lanƙwasa robar ka duba, in ka ga tsaga ko siririya ce, mayar. Araha ba ta ado.

6. Kada jaka ta gogi ƙarfe, kada tiyo ya bi kusa da salansa. Gugar da kake rainawa ita ke huda roba, zafi kuma ya ƙarasa ta.

7. Kada ka haɗa jakar hagu da ta dama a tiyo ɗaya. A kwana iskar za ta gudu daga gefen da nauyi ya danne ta koma ɗayan, motar ta ƙara karkata lokacin da kake buƙatar ta tsaya daram.

8. Kada ka yi tafiya tana kwance don a gan ka, ko da ranar hawan Salla ce. Dutse ɗaya ya ishi kaskon mai, injin ya ƙone kafin ka kai Ƙofar Kaura. Ruwan Agusta kuma rufe rami yake yi.

9. Kada ka koma yi mata lodin da ka saba. Motar da aka yanke wa shasi ta bar ɗaukar buhun gero daga Charanci ko Mai'aduwa, balle mutane a baya. In da ita gidanku ke ci, kada ma ka fara aikin.

10. Kada ka danna maɓalli sai ka zagaya motar da ƙafarka ka leƙa ƙarƙashi. Ka san lungunanmu. Da ka tsaya yara za su yanyame ta, wani ya tsuguna yana leƙen yadda take sauka, wani almajiri ya sa ƙafa a ƙarƙashin ƙofa, akuya ta shige inuwa ta kwanta. Motar takan sauka cikin 'yan daƙiƙu, ba ta jin ihu. Kada kuma ka bar maɓallin a hannun ƙanenka ko abokinka. Ƙafar ɗan maƙwabci ba ta da madadi a kasuwa, kuma kai za ka ci gaba da haɗuwa da mahaifinsa a sahun salla.

11. Kada ka kashe kuɗin birki a kan rim da fenti. Ado ba ya tsayar da mota.

12. Kada ka sayar da ita ka ɓoye cewa an yanke shasi. Ha'inci ne, kuma mai saye lodi zai yi mata.

Zauna da bakaniken da ka yarda da shi, ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ku yi lissafin kuɗin kowanne. In aljihunka ya ɗauki duka, bismilla. In ya gaza ko da guda ɗaya, ɗana, bar motar a tsayin da aka ƙera ta.