Darasi na 14: Me Ya Sa Duniya Take Mulmulalliya?

Karatu

Ka taɓa tsayawa ka kalli mai fura tana aikinta? Takan gutsuro dafaffen ƙullin gero, ta sa shi tsakanin tafukan hannunta, ta yi ta juya shi tana matsawa ta kowane gefe har ya zama dunƙule. Wannan aiki shi ake kira mulmulawa, abin da aka samu kuma mulmulalle. Ka lura da bambancinsa da da'ira. Da'ira shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, mulmulalle kuwa kamar ƙwallo yake ko lemo.

Rana mulmulalliya ce, haka wata, haka duniyarmu. Idan aka yi husufin wata, inuwar da take rufe shi ta duniya ce, kuma kullum gefenta a lanƙwashe yake. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, wane ƙarfi ne yake yi wa waɗannan manyan halittu aikin da tafin hannu yake yi wa fura?

Amsar ita ce ƙarfin jawowa. Duk abin da yake da nauyi yana jawo sauran abubuwa zuwa gare shi, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarfin jansa. Shi ya sa mangwaro yake faɗowa ƙasa idan ya nuna. Wasu suna kiran wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma ka sani ba irin na maganaɗisu ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa bai bar dutse ko ruwa ko iska ba. Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, shi ya bayyana ƙa'idarsa a shekarar 1687.

A jikin duniya, kowane yanki yana jan ɗan'uwansa, sai jan ya haɗu ya fuskanci tsakiya. Ka ɗauka an ajiye tiren gyaɗa a tsakiyar fili, aka ce wa 'yan ajinku kowa ya matso kusa iyakar iyawarsa. Ba za su yi layi ba, kewaye tiren za su yi, domin duk wanda ya ga gurbi mafi kusa zai shige shi. Haka duwatsu da ruwa suke yi wa tsakiyar duniya, sai dai su ta kowace fuska suke matsowa, har da sama da ƙasa. Siffa ɗaya ce tak wadda ko'ina a bayanta nisansa da tsakiya daidai yake da na sauran, ita ce mulmulalliya.

Wataƙila ka ce, ai dutse ba ƙulli ba ne, yaya za a mulmula shi? Lokacin da duniya take haɗuwa, kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, zafi ya narkar da mafi yawan jikinta, don haka ba ta yi gardama ba. Ko a yau ma, dutsen da yake can cikin ƙasa, inda zafi da danniya suka yi yawa, yakan motsa sannu a hankali kamar ƙulli mai tauri. Rana da sauran taurari kuwa iska ce mai tsananin zafi, ba su da taurin da za su yi tirjiya da shi.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne, kokawa ake yi tsakanin ƙarfin jawowa da taurin abu, kuma girma ne yake raba gardama. Duniyar Mirrihi tana da wani ƙaramin wata mai suna Fobos, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba. Jansa bai isa ya lanƙwasa dutsen jikinsa ba, saboda haka kamannin dankali gare shi. Amma Siris, wadda take kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, faɗinta ya kai kimanin kilomita 940, kuma mulmulalliya ce. A shekarar 2006 masana taurari na ƙasashe daban-daban suka yi taro a birnin Prag, suka sa wannan siffa cikin sharuɗɗan da abu zai cika kafin a lissafa shi cikin duniyoyi.

To, tsaunuka fa? Tsaunin Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Na Everest, wanda ya fi kowanne a duniya, mita 8,849 ne. Faɗin duniya kuwa ya haura kilomita 12,700. Da za a mayar da ita girman ƙwallon ƙafa, da tudun Everest bai kai kaurin falle biyu na takardar littafinka ba. Ƙarfin jawowa ne yake hana tsauni wuce iyaka, domin idan ya yi nauyi ainun sai gindinsa ya kasa ɗaukarsa. A Mirrihi, inda jan bai kai rabin namu ba, akwai tsaunin da ya haura kilomita 20.

Duk da haka duniya ba ta mulmulu sarai ba. Tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, kuma abin da yake juyawa yakan nemi ficewa waje, kamar dutse a cikin majajjawa. Saboda haka ƙugunta ya ɗan kumbura. Faɗinta ta ƙugu kilomita 12,756 ne, daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu kuwa 12,714. Duniyar Zuhal, wadda take juyawa cikin ƙasa da awa 11, ta fi tamu bajewa nesa ba kusa ba.

Kada ka ɗauka duk mulmulallen abu wannan ne dalilinsa. Ɗigon raɓa a kan ganyen gwaza ya yi ƙanƙanta da yawa, jansa ba komai ba ne. Ƙwayoyin ruwan ne suke riƙe juna, sai bayan ɗigon ya tsuke kamar bakin jaka. Tsakuwar rafi kuma gogayya ce ta cinye kusurwoyinta. Siffa ɗaya, dalili uku. In ka ga mulmulallen abu daga yau, ka tambayi kanka wanne ne daga cikinsu.

Ma'anar Kalmomi

- Mulmula: juya abu a hannu har ya zama kamar ƙwallo.
- Husufi: shigar wata cikin inuwar duniya, ko tare hasken rana da wata yake yi.
- Gurbi: wurin da babu kowa ko komai a cikinsa.
- Tirjiya: ƙin bin inda ake ja.
- Majajjawa: igiyar da ake wulwulawa a jefa dutse da ita.
- Ƙugu: tsakiyar jiki, inda ake ɗaura ɗamara.

Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin da'ira da mulmulallen abu?
2. Ta yaya ƙarfin jawowa ya bambanta da na maganaɗisu?
3. Don me Siris take mulmulalliya, amma Fobos ya yi kama da dankali?
4. Kilomita nawa ne bambancin faɗin duniya ta ƙugu da ta ƙurya?
5. Me ake nufi da ruwa ba ya tsami banza? Yaya karin maganar ta dace da wannan darasi?

Nahawu

Dubi yadda ake samo sifa daga aikatau:

mulmula: mulmulalle (namiji), mulmulalliya (mace), mulmulallu (jam'i)

dafa: dafaffe, dafaffiya, dafaffu

Yi haka da waɗannan, sannan ka sa kowace sifa cikin jimla: narke, shimfiɗa, kumbura, lanƙwasa.

Jinga

Ɗiga ruwa kaɗan a kan ganyen gwaza, sannan ka ƙara da yawa. Rubuta jimla biyar da Hausa a kan yadda siffar ruwan ta sauya, ka kuma faɗi wane ƙarfi ne ya rinjayi ɗan'uwansa.