Ganyen Ƙamshi a Tsakar Gida: Ta Ina Uwargida Za Ta Fara?

Uwargida, idan kina Kankiya ko Kusada kuma kina son ki riƙa tsinkar ganyen shayi da na miya a tsakar gidanki, kada ki fara da neman fili ko irin ƙasar waje mai tsada. Fara da abu huɗu da suka san ƙasarmu: na'ana'a, lawashi, lansir da ɗaɗɗoya. Lokacin da ya fi sauƙi ga sabon hannu shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Janairu, kafin zafin bazara ya sauko.

Mazubi ba abin saye ba ne. Tsohon bokitin fenti, tukunyar da ta tsage, robar wanka da ta huje, duk sun isa, muddin zurfinsu ya kai santimita 20 zuwa 25. Ki huda ƙasansu wuri uku ko huɗu don ruwa ya riƙa fita. Ƙasar yankinmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, saboda haka ki haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya bushe ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi, ki bar shi sai ya ruɓe sosai a juji.

Na'ana'a ba ta buƙatar iri. Cikin ƙullin da kika saya a kasuwar Kankiya ko ta Caranci, zaɓi rassa masu ƙwari, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma su a kofin ruwa. Cikin mako guda zuwa kwana goma za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai, don halinta irin na baƙon da aka ba tabarma ya nemi ɗaki ne: saiwarta yaɗo take yi ta danne duk abin da ke kusa.

Lawashi ya fi kowa sauƙi. Albasar da ta fara tsiro a kwando, wadda ake shirin jefarwa, ki binne ta ki bar kanta a waje. Ki riƙa yankar ganyen, yana sake fitowa har albasar ta ƙare ƙarfinta.

Lansir na sanyi ne. Ki watsa irin a saman ƙasa mai laima, ki ɗan yayyafa ƙasa a kai. Kwana biyu zuwa uku ya tsiro, mako biyu zuwa uku ya isa kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ba ya jure yanka sau da yawa, don haka ki riƙa sabuwar shuka duk kwana goma. Da zafi ya shigo zai yi fure ya daina ganye, kuma ba laifinki ba ne. Ɗaɗɗoya ita ce mai son zafi da damina. Ki riƙa tsinke kanta da furenta tun suna ƙanana, sai ta yi rassa ta cika.

A ganina, abin da ke kashe yawancin shukar gida a nan ba rashin iya shuka ba ne, wurin ajiya ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma baƙar roba da ta wuni a rana dafa saiwa take yi. Ki nemi gindin bango ko gefen inuwar bedi inda hantsi ke samu amma ranar azahar ba ta dukan wurin. Da damina kuma ki janye mazubin daga ƙarƙashin indararo. Sannan ga awaki da kaji: akuya ɗaya za ta share aikin wata biyu kafin ki idar da sallah. Ki ɗora mazuban a kan bulo ko tsohon benci, ki kewaye da kara ko ragar waya. Tsohon gidan sauro ma yana hana kaji da ƙadangaru cin tsiro.

Ruwa kuwa ba sai kin ƙara kuɗin 'yan garuwa ba. Ruwan alwala, na wanke shinkafa da na wanke kayan miya duk suna yi. Ki ajiye bokiti a wurin alwala ki tara. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo ne kawai ba a zubawa. Ki ba da ruwa da safe, da bazara ki ƙara da yamma. Kafin ki zuba, tura yatsa cikin ƙasar: idan da laima, ki dakata.

Idan darɓa ta taru a bayan ganye, kada ki kawo maganin feshin wake kan abin da za a ci ɗanye. Ki daka ganyen bedi, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma. Ki bar kwana biyu ko uku kafin ki tsinka, kuma ki wanke sosai, in ba haka ba maigida zai ji ɗacin bedi a shayinsa.