Amsoshin Tambayoyinku: Hutu a Tsibiran Okinawa, Ya Cancanci Wahalar Zuwa?

Tambaya: Maigidana zai halarci taro a Tokyo cikin watan Agusta, ya ce in raka shi, in an tashi mu wuce tsibiran kudancin Japan mu huta kwana uku. Hotunan bakin tekunsu sun burge ni. Shin wurin ya kai yadda ake faɗa? Kuma me Musulmi zai ci a can? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, wurin ya kai, hoton bai yaudare ki ba. Abin da bai kwanta mini ba shi ne watan Agusta da kuma kwana ukun nan.

Tsibiran da kike nufi su ne na lardin Okinawa, kuma ba a bayan garin Tokyo suke ba. Daga Tokyo zuwa Naha, babban birnin lardin, tafiyar kusan awa uku ce a jirgin sama. Farin yashi da shuɗin ruwan da aka fi ɗauka a hoto kuwa, yawanci na Miyako ne ko na tsibiran Yaeyama, irin su Ishigaki da Taketomi da Iriomote. Ishigaki kaɗai tana da nisan kilomita kusan 400 daga Naha, wato wani jirgin kuma na awa guda. Idan kika cire ranar zuwa da ta dawowa, kwana ukun ya koma yini ɗaya.

Sai maganar lokaci. Agusta da Satumba su ne tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwar teku. In ta taso, jiragen sama da na ruwa duk tsayawa suke yi, mutum ya maƙale a otal kwana biyu yana kallon agogo, ga tikitin komawa gida yana jira a Tokyo. Ga kuma hutun Obon a tsakiyar watan, lokacin da Japanawa ke tururuwar tafiye-tafiye, farashi ya haura. Da zaɓi a hannunku yake, da na ce farkon Afrilu, ko ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Tunda taro ne ya tsayar da wata, ku zauna a babban tsibirin, inda Naha take, ku sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, ku kuma bar kwana ɗaya rara a Tokyo kafin jirgin gida. Daga tashar Tomari a Naha, jirgin ruwa mai sauri na kai mutum tsibiran Kerama cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma ruwansu bai gaza na hoton ba. Wanka dai sai inda aka kewaye da raga, domin da zafi akwai wata halittar ruwa garai-garai mai zaruruwan dafi, da ido ba ya saurin ganinta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: abinci. A duk Japan da wuya ki sami inda alade ya shiga girki kamar Okinawa. Taliyarsu da suke alfahari da ita, Okinawa soba, da ƙashin alade ake haɗa romonta, don haka tsame naman daga kwano bai raba ki da shi ba. Goya champuru, soyayyen haɗin awara da ƙwai da wani ɗan itace mai ɗaci, ɗan'uwan garafuninmu, a ido kamar ba komai, amma galibi da yankakken alade ko naman gwangwani a ciki. Suna cin akuya, har farfesunta suke yi, sai dai ba yankan Musulmi ba ne. Miya kuma sau da yawa ana ɗiga mata mirin, wanda giyar shinkafa ce ta girki.

Mafita tana cikin teku. Ku je kasuwar Makishi a Naha. A ƙasa za ki zaɓi ɗanyen kifinki a kan ƙanƙara, a haura da shi bene a gasa ko a soya miki, ki biya ladan girki. Ki ce da gishiri kawai. Kada fuskokin aladen da aka baje a rumfunan mahauta su kore ki, ki wuce abinki. Akwai dankalin Hausa mai launin shunayya, da mangwaro, da abarba. Ku kama masauki mai ɗakin girki, ki taho da yajinki, ku kuma sa wani a wurin taron ya rubuta muku da Japananci cewa ba ku cin alade, romonsa ko kitsensa, ba ku shan giya. Mutanen ba su ƙi a tambaye su ba. Ga salla, alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa.

Ina roƙon ku ware rabin yini ku bar bakin ruwa. A da Okinawa masarauta ce, ta Ryukyu, daga 1429 har Japan ta haɗiye ta a 1879. A nan aka haifi karate. Fadar sarakunanta, Shuri, ta ƙone a gobarar Oktoban 2019, aka shiga sake gina ta. A 1945 an gwabza yaƙi a tsibirin tsakanin Amurka da Japan, mutum kusan 200,000 suka mutu, kusan rabinsu fararen hula. A Mabuni, can kudu, an sassaƙa sunayen mamatan a jerin baƙaƙen duwatsu masu fuskantar teku, ba a ware na abokan gaba ba. Amurka ta riƙe lardin har 1972, kuma har gobe sansanoninta na nan, shi ya sa za ki ji rugugin jiragen yaƙi idan kuka bi ta Kadena.

Ga zirga-zirga kuwa, jirgin ƙasa ɗaya ne tak a tsibirin, mai bin dogo guda a sama, kuma bai wuce Naha da maƙwabciyarta Urasoe ba. Sauran wurare sai bas, tasi ko motar haya, tuƙi kuma ta hannun hagu ne. Biza kuwa ki nema da wuri, ki sa kwanakin Okinawa da masaukinku cikin jadawalin tafiyar da za ki miƙa.