Abin da ke sa ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™

Duk mai rubuta manhaja a Yamai da ya taɓa ajiye Hausa a rumbun bayanai ya san wannan ciwon. Ka shigar da "ƙasa", allo ya nuna maka "Æ™asa". Ka rubuta "kuɗi", ya fito "kuÉ—i". Maganin da na fi gani wurin matasan da ke zuwa koyon aiki ofishinmu shi ne su goge lanƙwasar, su bar k da d tsirara, a wuce wurin. Abin yana damuna ƙwarai, domin gyaran ba shi da wuya ga wanda ya iya karanta lambobin da ke ƙarƙashin rubutun.

Kwamfuta ba ta riƙe komai sai sifili da ɗaya, tsarin da ake kira binari. Kowane ɗayansu bit ne, takwas ɗinsu kuma bayit, wanda ke ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne: 11000110 10011001. Ido ba ya jure irin wannan jeri, shi ya sa ake yanka shi huɗu-huɗu. Bit huɗu na iya jeruwa iri 16, sai aka ba kowane jeri alama guda, daga 0 zuwa 9, sannan A zuwa F. Wannan shi ne heksa. 1100 ya zama C, 0110 ya zama 6, 1001 ya zama 9. Ke nan ƙ ita ce C6 99.

Kada ɗan Nijar ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. A kasuwar Katako takarda na ɗauke da 500, baki na cewa dala ɗari, kuma ba mai neman alƙalami kafin ya ba da canji. Haka 255 da FF da 11111111 suke, adadi ɗaya ne, ƙidayar ce ta bambanta.

To, in rubutu ya lalace, buɗe fayil ɗin da xxd ko hexdump ka duba. In ka tarar da C6 99, bayananka lafiya lau suke, mai nuna su ne ke karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Layi guda zai gyara. In ka ga C3 86 E2 84 A2, an juya rubutun sau biyu, kuma ana iya warware shi. Amma in 3F ka gani, wato alamar tambaya, harafin ya salwanta tun lokacin ajiya, sai dai a koma ga kwafin da aka adana. Cuta uku ce, maganinsu daban-daban, kuma wanda bai iya heksa ba zai yi ta lalube cikin duhu.

Akwai inda abin ke taɓa aljihu kai tsaye. Wata ƙungiya ta zo mana da ƙorafi: tana aika wa manoma saƙon SMS da Hausa kan farashin hatsi, kuɗin da aka cire mata kuwa ya ninka abin da ta tsara sau uku. Sun ɗauka kamfanin waya ne ke cutarsu. Ba haka ba ne. Saƙo guda na ɗaukar bayit 140, wato bit 1120. A haruffan GSM kowane harafi bit 7 ne, saboda haka 160 ke shiga. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin wannan jerin. Da ɗayansu ya shigo, saƙon gaba ɗaya sai ya koma bit 16 ga kowane harafi, ya rage 70 kacal, ko 67 in an haɗa saƙonni da yawa. Rubutu mai haruffa 150 da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya tafi a uku. Ko ê ta Faransanci haka take jawowa, alhali é ba ta yi. Ban ba su shawarar zubar da lanƙwasa ba, don manomi na da haƙƙin karanta harshensa daidai. Mun taƙaita saƙonnin, muka kuma sa ma'aunin da ke nuna wa mai rubutu inda 70 ta cika.

Ga kuma lambar waya. Tamu alƙaluma takwas ce, in ka ƙara 227 a gaba ta zama 11, adadin da ya haura biliyan 22. Gurbin INT mai bit 32 kuwa iyakarsa 7FFFFFFF, wato 2147483647. Na taɓa karɓar wani rumbun MySQL da aka sassauta wa ƙa'ida, na tarar abokan ciniki da dama duk lambarsu ɗaya, 2147483647. Wanda ya san wannan adadi, kallo ɗaya ya ishe shi ya gane abin da ya faru. Lambar waya dai a matsayin rubutu ake ajiye ta.

Sauran wuraren ba sai na ja ba. Launin FF0000 a shafin intanet, 255.255.255.0 da /24 wajen haɗa kwamfutocin ofis, da 0.1 + 0.2 da ke ba da 0.30000000000000004 a Python da JavaScript, wanda ya kamata duk mai lissafa kamashon tura kuɗi ya yi hattara da shi. Duk tushensu ɗaya.

Wasu ƙannena kan ce min harsunan manhaja na zamani sun ɗauke mana wannan nauyi. A mafi yawan ranakun aiki gaskiyarsu ne. Sai dai an fara gina waɗannan kayan ne da haruffan Turanci, ASCII mai alamomi 128, kuma mu da ke rubuta Hausa da Zabarmanci da Tamajak mu ne ke yawan cin karo da iyakarsu.

Roƙona ga malamai, daga Jami'ar Abdou Moumouni har zuwa ƙananan cibiyoyin koyarwa na unguwanni, shi ne kada darasin ya tsaya kan raba adadi da biyu a allo. A ba ɗalibi fayil na gaske mai ɗauke da ɗ, da ŋ ta Zabarmanci wadda take C5 8B, da harafin Tifinag mai cin bayit uku. A sa shi ya lalata fayil ɗin da hannunsa, sannan ya gyara.