Aikatau a Bakin Murhu: Nazarin Kalmomin Girki da na Guzuri a Hausa

Gabatarwa

Wanda ya buɗe ƙamus yana neman ma'anar tuwo ko fura ko dambu ko kunu, bayanin da zai tarar sau da yawa bai wuce cewa abinci ne da ake yi da hatsi ba. Bayanin gaskiya ne, amma bai rarrabe komai ba, domin da tiya ɗaya ta gero ana iya yin dukan huɗun. Abin da ya bambanta su shi ne aikin hannun da aka yi wa garin, kuma kowane aiki da kalmarsa. Wannan maƙala tana nuna cewa sanin abincin Bahaushe yana ƙunshe ne cikin aikatau fiye da cikin suna, don haka mai tattara kalmomi da ya rubuta sunaye ya bar aikatau ya ɗauki ƙwarya ne ya bar furar.

Daga turmi zuwa akushi

Kafin gero ya zama gari, sai ya bi ta hannun aikatau da dama. Ana sussuka shi a raba ƙwaya da zangarniya, a sheƙe, a surfa a fitar da dusa, a bakace a faifai, a wanke, sannan a daka ko a niƙa, a tankaɗe. Sussuka da surfe da daka duk a turmi ake yin su da taɓarya, amma babu matar da za ta musanya ɗaya da ɗaya, domin manufar kowane bugu dabam ce.

Daga gari hanya take rabuwa. Tuwo tuƙa shi ake yi da muciya, bayan an yi talge, a bar shi ya sulala, a kwashe da mara a yi malmala. Kunu da koko damawa ake yi. Dambu turara shi ake yi a madambaci, tururi ne ke dafa shi, ba ya taɓa ruwan tukunya. Waina, wadda ake kira masa a wurare da yawa, toya ta ake yi a tanda. Fura kuwa ta tara aikatau fiye da kowanne: a cura garin da aka haɗa da citta da kanumfari da barkono, a dafa cikin tafasasshen ruwa, a kirɓa a turmi, a mulmula, a barbaɗe da gari, sai a dama da nono. Miyar kuka ita ma kaɗa ta ake yi da maburgi.

Abin lura ga mai nazari shi ne ƙawancen da ke tsakanin aikatau da karɓau. Jimlar "ta dama tuwo" ko "ta tuƙa koko" ba ta saɓa wa tsarin nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba ya karɓar ta, domin kowane aikatau yana ɗauke da labarin kaurin abin da yake aiki a kansa. Tuƙi na mai kauri ne da ke buƙatar ƙarfin dantse, shi ya sa kalmar ta dace da tuƙin jirgin ruwa, daga baya ta hau mota. Damu na abin da ake sassautawa da ruwa ne. Daga waɗannan saiwoyi harshe yake gina wasu kalmomi: sunayen kayan aiki da na wuri masu ɗafa-goshin *ma-*, kamar matankaɗi da maburgi da madafa, siffofi kamar dafaffe da soyayye da gasasshe, da harɗaɗɗun sunaye kamar dafa-duka.

Ci da sha

Idan abinci ya sauka, aikatau biyu ne suke raba shi, wato *ci* da *sha*. Kalmar abinci kanta daga "abin ci" ta fito. Mai koyon Hausa yakan ɗauka cewa *sha* na ruwa ne kawai, amma iyakar ta fi haka faɗi. Ana shan fura da kunu da fate da romo, ana kuma shan lemo da mangwaro da kankana da rake da zuma, har da magani ko da ƙwaya ce, da taba, da iska. Ana cin tuwo da dambu da nama da ayaba da dabino da goro. Ma'aunin shi ne yadda abu yake shiga baki: wanda haƙori ya yi aiki a kansa an ci shi, wanda aka kurɓa ko aka tsotsa ko aka haɗiye ba tauna an sha shi. A ƙauyukan Gobir da Adar da Damagaram, inda fura take tsayawa a matsayin abincin rana, manomi yakan wuni yana aiki da abin da ya sha.

Masana sun daɗe da lura da waɗannan kalmomi biyu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya jero ma'anoninsu masu yawa. Claude Gouffé ya yi maƙala a kansu da Faransanci a 1966, sannan Philip Jaggar da Malami Buba suka sake duba su a 2009, inda suka nuna cewa a ma'anar aro *ci* yana karkata ga rinjaye, *sha* kuma ga abin da ya auka wa mutum. Shi ya sa ake cin nasara da cin sarauta da cin jarrabawa, ake kuma shan wahala da shan rana da shan kaye. Ƙa'idar ba ta rasa togiya ba, domin ana cewa "ya ci duka" kamar yadda ake cewa "ya sha duka". Karin magana ma ya haɗa aikatau na girki da na baki wuri ɗaya, inda ake cewa yadda aka dama haka za a sha.

Guzuri da abincin hanya

Abincin gida yana da ɗan'uwa da ke bin matafiyi, shi ne guzuri. Fatake da mahajjatan ƙasa da almajirai ba su iya ɗaukar tuwo da miya, don haka aikatau na guzuri su ne masu korar ruwa daga abinci: shanya da soya da gasa. Kilishi nama ne da aka yanka fale-fale aka shanya, aka tsoma cikin tunkuza mai kayan yaji, aka sake shanyawa, aka gasa. Dambun nama dafa shi ake yi, a daka, a soya har ya bushe. Ƙuliƙuli tunkuza ce da aka matse mai aka soya. Cuku madara ce da aka daskarar aka shanya. Dukansu suna buƙatar shiri tun kafin a ɗaura kaya, dalilin da ya sa Hausawa suke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram, mai tsawon kusan kilomita 900, fage ce ta wannan nazari. Matafiyi yana ratsa Dogon Dutse da Birnin Ƙonni da Galmi mai albasa, da Madawa da Tasawa waɗanda suka yi suna wajen kilishi, ya sauka Damagaram inda alkaki yake cikin tsarabar da ake nema. A kowace tasha masu talla suna kiran hajarsu da karin harshen garinsu. A yammacin ƙasar Hausa za a ji *hura* a maimakon *fura*, za a kuma ji curin furar da ba a dama ba ana ce masa *dawo*. Kalmar *hatsi*, wadda a daidaitacciyar Hausa ta ƙunshi gero da dawa da maiwa, a wurare da yawa na Nijar gero kaɗai take nufi. Kwaɗon zogale kuwa, wanda Zabarmawa suke kira *kopto*, yana tunatar da mai rubutu muhimmancin alamta tsawon wasali da karin sauti, domin a rubutun yau da kullum babu abin da ya raba shi da kwaɗon da ke kuka a tafki.

Kammalawa

Kalma tana rayuwa ne muddin aikin da take nunawa yana nan. Injin niƙa ya rage daka a birane, na'urar lantarki ta fara karɓe damun fura daga ludayi, shinkafa da taliya kuma dafa su kawai ake yi. Yaron da bai taɓa ganin surfe ba zai wuya ya riƙe kalmar, sai *dafa* da *yi* su mamaye gurbin sauran.

Ɗaliban da suke komawa gida hutu daga jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da damar da babu ɗakin karatun da zai ba su. Hanyar mai sauƙi ce. A nemi izinin mai girki, a zauna kusa da murhu, a bar tambayar sunan abinci, a riƙa cewa: "Inna, me kike yi masa yanzu?" Amsar kowane lokaci aikatau ce. A rubuta ta cikin cikakkiyar jimla tare da karɓau ɗinta, a alamta wasali da karin sauti, a sa sunan gari da shekarun mai magana, a kuma tambayi abin da ba a iya faɗa da wannan aikatau. Idan aka haɗa irin waɗannan takardu daga Arewa da Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, za a sami ƙaramin ƙamus na madafa wanda zai nuna inda kare-karen harshe suka haɗu da inda suka rabu.