Jan Hankali Ga Masu Neman A Canja Wa Waya Kanel Don Ta Karɓi Filash

Tun daga watan Satumba na shekarar 2021, sa'ad da hukumar NCC ta ba da umarnin katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, har ta kai mutanen Gusau da Tsafe suna takakkiya zuwa Funtuwa don kawai su ji muryar 'yan'uwansu, jama'armu suka farga cewa ramin da ake soka caja a gindin waya yana da wata fa'ida banda cika batir, domin ta nan ne ake jona filash a kwashi karatun tafsiri ko fim ba tare da ko ƙwayar data ba. Daga wannan lokaci, da wuya mako ya shige ba a kawo mini waya a rumfata ta gyara ana cewa ta ƙi karɓar filash ba, kuma galibi mai ita ya riga ya ji a bakin wani cewa maganin abin shi ne a canja mata kanel, wato zuciyar manhajarta.

Asalin mas'alar shi ne, duk na'urori biyu da aka haɗa da igiyar USB, wajibi ne ɗaya ta ja ragama, kamar yadda mutum biyu ba sa jam'i sai an sami liman da mamu. Kwamfuta tun fil azal ita ce mai jagoranci, waya kuwa mai bi. Sai a shekarar 2001 aka fito da ƙa'idar OTG wadda ta halatta wa ƙaramar na'ura ta yi jagorancin, Android kuma ta buɗe wa manhajoji wannan ƙofa a 2011 da fitowar Android 3.1. Amma jagorancin ba ya inganta sai da sharuɗɗa uku, kuma rashin bambance su ne ke jawo wa mutane hasara.

Sharaɗi na farko igiya. Tsohon bakin caji ƙarami yana da ƙafafu biyar, ɗaya daga ciki ba ta da aikin komai illa sanar da waya matsayinta: in an haɗe ta da layin ƙasa a cikin igiyar, waya ta san ita ce gaba. Sabon baki na Type-C da wata 'yar ƙwaya mai rage wuta yake isar da wannan saƙo, kuma ita ce masu arahar kaya kan tsallake. Kwanan baya wani wakili mai rajistar layukan waya ya zo daga Bungudu da na'urar ɗaukar zanen yatsa wadda wayarsa ta ƙi karɓa, ransa a ɓace, ya ce, "Injiniya, an ce sai an yi wa wayar filashin, a sake mata manhaja." Na ce, "Alhaji, ba ni igiyar tukuna." Da na ɗora mata mita sai na tarar ƙafar nan mai sanar da waya matsayinta a sake take, ba a haɗa ta da komai ba, na ɗauko wata daga cikin akwati, kafin ya gama gyara zama fitilar na'urar ta kama. Wasu wayoyin kuma, irin su Oppo da Realme, makunnin OTG yana cikin saiti, kuma yakan kashe kansa bayan minti goma in ba a jona komai ba.

Sharaɗi na biyu wuta, kuma a nan ne nake son mai karatu ya natsu. Na'urar da ke jagoranci ita ke ciyar da ta bayanta da wuta mai ƙarfin bolt 5, alhali batirin waya bai cika wuce bolt 4 da 'yan kai ba ko da ya cika maƙil, saboda haka dole a sami wani yanki a kan fanel wanda ke ɗaga wutar kafin ya tura ta waje. In kamfani bai sa wannan yanki ba don neman sauƙin farashi, to babu wani rubutu da mahaluki zai shigar wa waya ya haifar mata da shi. Hujja a kan haka sananniya ce ga ma'abota wannan fanni: a 2010 wani Bajamushe ya gyara kanel ɗin Nexus One har ta karɓi allon rubutu da kyamara, haka kuma aka yi wa Nexus 4 ta 2012, amma a duka biyun sai da aka kawo wuta daga waje, domin wayar ba ta iya bayarwa da kanta.

Sharaɗi na uku ne kaɗai ya shafi kanel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarafan waya kai tsaye, wadda a Android ta samo asali daga Linux da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991. Hakika akwai wayar da ƙarfenta ya cika amma aka rufe wannan sashe lokacin harhaɗa kanel, kuma masani zai iya buɗe shi in ya sami asalin rubutun kanel na wannan samfuri bi ainihi. To amma kafin a shigar da sabon, sai an cire makullin kamfani, cirewar kuwa tana shafe duk abin da ke cikin waya, garanti ya faɗi, manhajojin banki da yawa kuma su ƙi buɗewa. Wani saurayi daga Tsafe ya kawo mini tasa bayan an ɗora mata kanel na wata 'yar'uwarta mai kama da ita a suna; ta tsaya cak a kan tambarin kamfani, mai aikin ya firgita ya share ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, lambar shaidar waya, wato IMEI, ta tafi tare da sauran, waya ta farfaɗo amma ba ta ƙara ganin layi ba.

Kafin a kai ga taɓa kanel, a gwada wata igiyar, a duba saiti, a kuma duba tsarin filash ɗin kansa, domin wayoyi da yawa ba sa karanta wanda aka tsara da NTFS, sai FAT32, ko exFAT a sababbi. In duk an yi haka mita bai nuna bolt 5 a bakin caji ba, a jarraba igiya mai reshe biyu wadda ake soka wa caja a gefe. Ni dai ba na taɓa kanel sai a tsohuwar waya wadda babu asusun banki a cikinta, bayan na kwafe ajiyar IMEI a kwamfuta, mai ita kuma ya amince a gaban shaida.