Joseph Arch: Daga Korar Hankaki Zuwa Majalisar Ingila

Idan aka ambaci Ingila, yawancinmu Landan muke hangowa, ko filayen ƙwallo. Ba kasafai muke tuna cewa su ma suna da ƙauyuka da talakawa ba. To, 'yan uwa ɗalibai, ga tarihin wani leburan gona daga can, wanda aka haifa shekara kusan 200 da suka wuce. Sunansa Joseph Arch.

Kafin mu shiga labarinsa, sai mun fahimci yadda ƙauyen Ingila yake a lokacin. Mutane hawa uku ne. Akwai mai ƙasa, akwai manomin da ya karɓi hayar ƙasar, sannan a can ƙasa akwai lebura, wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na gona sai ƙarfin damtsensa. Yawancin leburori a gidan haya suke zaune, gidan kuma sau da yawa na mai ƙasa ne ko na manomin da suke yi wa aiki. Ka ga ke nan duk ranar da lebura ya ɗaga murya, aiki da wurin kwana ne za su tafi tare.

An haifi Joseph a 1826 a ƙauyen Barford, cikin gundumar Warwickshire. Mahaifinsa John leburan gona ne. Mahaifiyarsa Hannah kuwa ta taɓa yin aikatau kafin ta yi aure. Talakawa ne kamar kowa, sai dai da bambanci guda. Kakansa, wanda sana'arsa gyaran shinge da haƙa magudanar ruwa, ya yi ta tara kwabo da sisi har ya haɗa fam 30, ya sayi ɗan gidan da suke ciki. Gida nasu ne, ba mai korarsu.

Wannan gida shi ya ba iyayen Joseph bakin magana. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1898, ya ba da labarin yadda aka kawo wa mahaifinsa takarda ya sa hannu don goyon bayan dokar da ke sa hatsi tsada. Ya ƙi. Manoma suka haɗa baki suka hana shi aiki har mako 18, Hannah ce ta riƙe gidan da wankau. Ita ma ba kanwar lasa ba ce. Da matar limamin coci ta ce a rage wa 'yan matan makaranta gashi, cewa ta yi ba mai taɓa kan 'ya'yanta.

Joseph bai fi shekara uku a makaranta ba. Yana da shekara 9 ya fara aikin korar hankaki a gonar wani, ana biyansa kwabo 4 a yini. Duk wanda ya taɓa gadin tsuntsaye a gonar gero ya san wannan aiki. Daga nan ya koma bin garma, ya ƙware a gyaran shinge har ya riƙa yawon ƙwadago gari-gari, yana ganin halin da sauran leburori ke ciki. Da dare kuma yana karatu da kansa. Ya yi aure a 1847, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ya kuma zama mai wa'azi a wata ɗariƙar Methodist ta talakawa, a nan ya koyi magana gaban jama'a.

A watan Fabrairu na 1872, leburorin ƙauyen Wellesbourne suka aika masa ya zo ya taimaka musu su kafa ƙungiya. Ya zaci mutum talatin zai tarar, sai ga ɗaruruwa cikin dare. Ya hau wani ɗan benci a gindin wata babbar bishiya ya yi musu jawabi. Albashinsu sule 12 ne a mako, suna neman 16. A watan Mayu aka kafa ƙungiyar leburorin gona ta ƙasa baki ɗaya a garin Leamington, shi ne shugaba. Zuwa 1874 mambobi sun kai wajen 86,000, albashi kuma ya ɗan ɗaga a wurare da dama.

Amma fa manoma ba su kwanta ba. A 1874 na gabashin Ingila suka sallami dubban 'yan ƙungiya, suka ce ba aiki sai an fita daga cikinta. Asusun ƙungiya ya ƙare wajen ciyar da waɗanda aka kora, dole aka saduda. Daga nan ta yi ta ja da baya har ta rushe a 1896.

Duk da haka wahalar ba ta tafi a banza ba. Dokar zaɓe ta 1884 ta bai wa magidanta maza na karkara ƙuri'a, a 1885 kuma aka zaɓi Joseph ɗan majalisa daga Norfolk. Ya faɗi a 1886, ya dawo a 1892, ya zauna har 1900. Ya rasu a 1919, a cikin gidan nan da kakansa ya saya.

Abin da ni dai na ɗauka a nan shi ne, Joseph bai fi maƙwabtansa jin yunwa ba, kuma ba shi kaɗai ne mai zuciya ba. Abin da ya fi su shi ne wurin da zai koma ya kwana bayan ya faɗi gaskiya. Ƙungiyarsa ma ta tsaya ne muddin akwai kuɗi a asusu. Mu da muke da tamu ƙungiyar, kafin mu zargi wanda ya yi shiru a taro da tsoro, ya kamata mu fara tambaya: idan ya yi magana aka kore shi daga hostel, wa zai tsaya masa, kuma da me?